Gammon Matan Ƙabilar Kwacan

Ƙabilar Kwacan, wadda ake kuma kira Yuma, tana zaune a gaɓar Kogin Kolorado, kan iyakar jihohin Arizona da Kalifoniya a Amurka. A da, noman fadama ne abin dogaronsu: da zarar ambaliya ta janye, sai su shuka masara da wake da kabewa. Mata kuwa kan ɗora tulun ruwa da amfanin gona bisa gammon da suka naɗa da ɓawon itace. Bayan kammala madatsar Laguna a 1909, wasu madatsu suka biyo baya, ambaliya ta ɗauke, noman ya ja baya. Gammon da ya rage a gidajen tarihi shi ne shaidar gumin waɗannan iyaye mata.