Ganuwar Gorgoram da Jizyar Maguzawa

A zamanmu na ƙarshe an yi gardama kan yadda sarakunan Musulunci na da suka riƙe waɗanda ba Musulmi ba. Wasu suka ce adalci ne zalla, wasu suka ce takobi ne kawai. Sai muka ga ya dace mu duba abin da ya faru a nan ƙasar da muke zaune, tsakanin Nguru da Gashuwa.

Mu fara da abin da ke cikin littafi. A mazhabar Malikiyya, wadda Barno da Sakkwato duk suke bi, wanda ba Musulmi ba yana iya zama ƙarƙashin sarkin Musulmi da amana. Zai biya jizya, a tsare masa ransa da dukiyarsa, kuma ba a tilasta masa barin addininsa. Imamu Malik bai taƙaita wannan ga Yahudu da Nasara ba, kuma malamai sun kafa hujja da cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓi jizya daga Majusawan Hajar. Masana da yawa na ganin daga kalmar Majusu sunan Maguzawa ya fito. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawarsa kan bauta, inda ya nuna cewa wanda ke da amana ko alkawari ba ya halatta a bautar da shi.

A ƙasar Kano an ga wannan a aikace. Bayan jihadi Maguzawa sun ci gaba da zama a manyan gidajensu na karkara, suna noma, suna tsafinsu, suna dafa giyarsu, shugabanninsu na tara jizya su kai. Ba a ɗauke su daidai da Musulmi ba, kuma ba su da rabo a manyan sarautu. Amma sun wanzu, har wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a 1938 zuwa 1939 ya rubuta littafi kan addininsu.

To, a nan gefenmu labarin ya sha bamban. Tun zamanin Mai Idris Alauma, a ƙarni na 16, limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙen da Barno ta kai wa Ngizim, 'yan uwan Badawa na kusa a harshe. A ƙarni na 17 aka kafa Galadiman Barno a Nguru domin ya tsare iyakar yamma, kuma ƙasar Bade ta faɗo ƙarƙashin kulawarsa. Da jihadi ya iso wajen 1808, mayaƙan Fulani suka tarwatsa garuruwan Badawa. Suka nemi kariyar Barno, aka ba su, amma abin da aka ɗora musu shi ne harajin bayi.

A nan ne muke so mu tsaya kaɗan. Jizya dukiya ce ake biya domin a bar mutum da 'yancinsa. Harajin bayi kuwa mutane ake miƙawa. Duk wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya ce ai duk haraji ne, a ganinmu bai yi wa littafin adalci ba, bai kuma yi wa Badawa ba. Su ma malaman lokacin ba bakinsu ɗaya ba kan wa ya halatta a yaƙa. Wasiƙun da Shehu Laminu na Barno da Muhammadu Bello suka yi musaya, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, kusan duk kan wannan tambaya suke. Idan Musulmin Barno kansa sai da ya kare Musuluncinsa da alƙalami, ina ga manomi ko masunci a bakin fadamar Bade?

Wajen 1825 Mai Lawan Babuje ya ga harajin ya wuce kima. Ya haɗa kan garuruwan Bade, ya gina Gorgoram da ganuwa a kudu maso yamma da Gashuwa, ya daina biyan kowa. Ɗansa Mai Alhaji, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1893, ya kare garin daga hare-haren Haɗeja ta yamma da na Barno ta gabas. Ku lura da sunan nan, Alhaji. Musulunci ya riga ya shiga fada, ko da yake Bature Barth, da ya ratsa gefen ƙasar a ƙarshen 1852 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya bayyana Badawa a matsayin masu addinin gargajiya. Garin bai faɗi ba sai a hannun dakarun Rabe, zamanin Mai Duna, kuma Rabe bai bar Kukawa ta Musulmi ba ma, don a 1893 ya ƙone ta.

Me ya raba Bamaguje da Babade? A fahimtarmu wurin zama ne. Bamaguje yana tsakiyar masarauta, hatsinsa na ciyar da birni, sarki na da riba idan ya zauna lafiya. Babade yana kan iyaka tsakanin dauloli biyu masu gaba, inda ruwa da fadama suka ba shi mafaka, suka kuma sa kowane ɓangare ke kallon ƙasarsa a matsayin wurin kai hari.

Yawancinmu Hausawan nan kakanninmu sun zo ne da fatauci, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, da cinikin gyaɗa da fata da ƙaro. Mun tarar da Badawa da Mangawa, suka ba mu wurin zama. Yau jikokin masu ganuwar Gorgoram mafi yawansu Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, fadarsu kuma tana Gashuwa tun 1946. Shi ya sa kalmar nan "arna" da wani ya jefa a zamanmu ta yi mana nauyi a kunne. Dattijon da ke gefensa Babade ne, surukin ɗaya daga cikinmu, kuma bai ce uffan ba har aka tashi.