Daga Samaru Zuwa Soba: Tarihin Wasan Kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello

Duk wanda ya taɓa shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, in har ya yi yawo sosai, zai ci karo da wani gini wanda bai yi kama da sauran ba. Ga dogayen benaye na siminti da gilashi ta ko'ina, sai ga wannan na ƙasa zalla, da ɗakuna masu zagaye sun kewaye fili, kai ka ce gidan wani dagaci ne aka ɗauko aka ajiye a tsakiyar 'yan boko. To, wannan shi ne dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, wanda ya zauna a Maroko kafin ya zo koyarwa Zariya, shi ya zana shi, aka gina a 1976. Abin da nake so mu duba, 'yan'uwa marubuta, shi ne irin shawarar da waɗanda suka shugabanci wannan dandali suka yanke tun farko, da abin da ta jawo mana na riba da na asara.

Wanda aka ɗora wa shugabancin shirin wasanni a jami'a, tambaya ɗaya ce ke jiransa kafin maganar kuɗi ko ta fitilu, watau: wa za a yi wa wasan? Jami'o'in Afirka na farko ba su sha wahalar amsa ta ba. A Ibadan, cikin shekarun 1950, malamai Turawa da iyalansu da ɗalibai masu jin Ingilishi su ne 'yan kallo, wasannin kuma na Ingila ne. Geoffrey Axworthy ne ya fara karya wannan al'ada a 1961, sa'ad da ya ɗebi ɗalibai a mota suka shiga garuruwa suna wasa. Jami'ar Makerere ta Uganda ta bi sahu a 1965. Amma fa duk wannan kai wa jama'a kaya ne da aka riga aka dafa. Ɗalibai su zo, su kafa dandali, su yi wasansu, a tafa musu, su naɗe kaya su wuce gari na gaba.

Mutumin da ya kafa fannin wasan kwaikwayo a Samaru a 1975, cikin Sashen Ingilishi, ya riga ya ɗanɗani wannan hanya, ya kuma san iyakarta. Michael Etherton ke nan. Kafin zuwansa ya koyar a Jami'ar Zambiya, inda shi da ɗalibansa suka gina wani dandali na fili mai suna Chikwakwa, suna kuma fita karkara da wasanni cikin harsunan ƙasar. A 1971 gwamnatin Zambiya ta kore shi bayan wata zanga-zangar ɗalibai. Saboda haka da ya iso Zariya ya san abu biyu: wasan da ke jiran 'yan kallo a cikin ɗaki bai kai ga talaka, kuma wasan da ya kai ga talaka hukuma na sa masa ido.

Ginin ƙasan nan da kansa wani ɓangare ne na amsar. Babu labule, babu dogon dakali a gaba da kujeru a jere kamar a sinima. 'Yan kallo na iya zama ta kowace fuska, ɗan wasa na iya ɓullowa ta bayanka. Wanda ya saba wasa a irin wannan wuri, in aka kai shi bakin kasuwa ko ƙofar fada ba zai daburce ba, don kuwa haka 'yan kama da 'yan tashe suke yi tun kaka da kakanni, mutane su yi da'ira, mai wasa ya shiga tsakiya. Sai dai ginin ƙasa yana da nasa haƙƙi. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, kuma duk wanda ya taɓa bin takardar neman kuɗi a ofis ya san damina ba ta jiran sa hannun kowa.

A 1977 aka yi fitar da ta fi shahara, wadda aka sa wa suna Wasan Manoma, a yankin Soba. Shekara guda ke nan da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na noma don ƙasa ta ciyar da kanta, rediyo ba ya da magana sai wannan. Malamai irin su Etherton da Brian Crow, da matasa irin su Salihu Bappa, suka ga ya kamata a ji ta bakin manomin da ake ta yi wa wa'azi. Tsarin kuwa shi ne: ɗalibai su fara shiga ƙauye su zauna da mutane, su saurari kukansu, su komo su tace abin da suka jiyo, su ƙulla labari a kai, su yi gwaji ba tare da rubutaccen wasa ba, sa'an nan su koma su nuna wa mutanen da Hausa, bayan an gama a buɗe mahawara. A 1979 aka yi irinsa a ƙasar Maska ta wajen Funtuwa, daga baya kuma aka mai da hankali ga Bomo, ƙauyen nan na kusa da jami'a wanda ya yi suna da bikin Kalankuwa. Garin Samaru ma bai tsira ba, don ya zama wajibi ga sababbin ɗalibai su shiga unguwanninsa su samo labari su yi wasa a kan titi.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan abu ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Shugaban irin wannan shiri rabin aikinsa ba na fasaha ba ne. Sai ya je ya gai da hakimi, ya yi wa dagaci bayanin abin da ya kawo 'yan jami'a, alhali wasan da za a yi mai yiwuwa ne ya taɓo masu rabon taki, waɗanda ba su rasa dangantaka da fada. Sai ya nemi mota daga jami'a, ya san inda ɗalibai mata za su kwana, ya daidaita lokacin jarrabawa da lokacin da manomi yake da sukuni, watau bayan kaka. Ga kuma matsalar harshe. Jami'ar Ahmadu Bello ta tara 'yan ko'ina, da yawa daga cikin ɗaliban Hausar kasuwa kawai gare su. Oga Steve Abah, wanda daga baya ya zama babban jigon wannan aiki, mutumin Binuwai ne. Sa'an nan ga matan aure da ke cikin kulle, waɗanda wasan dandali ba ya isa gare su, alhali kuwa maganar rijiya da ta lafiyar yara tasu ce kafin ta zama ta kowa.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne su masu aikin ba su jira wani ya soke su ba, su suka fara sukar kansu, kuma a rubuce. Sun lura cewa ɗalibi ya je ƙauye, ya kwaso matsala, ya yi wasa, ya sami makinsa, ya gama karatu ya tafi Kaduna ko Legas, manomi kuwa yana nan da matsalarsa. Watau dai sun guje wa kuskuren Ibadan na kai dafaffen kaya, sun faɗa wani, na ɗibar ɗanyen kaya daga ƙauye a dafa a jami'a a mayar. Wannan ya sa suka sake lale. Maimakon a kammala labari, sai a tsayar da wasa a tsakiya a tambayi 'yan kallo: in kai ne wannan manomi, me za ka yi? Wanda ya ba da amsa a ce ya shigo fili ya gwada. Sannu a hankali mutanen ƙauye suka zama su ne 'yan wasan. A nan akwai tasirin Paulo Freire da Augusto Boal, mutanen Burazil, da kuma abin da aka gwada a Botswana tun 1974. Etherton ya tattara tunaninsa a littafinsa The Development of African Drama, wanda ya fito a 1982.

Ba wannan sashe kaɗai ke harkar wasa a jami'ar ba. Akwai Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, wadda ke da nata makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasa. A nan ne mashahurin mabushin nan na Amurka, Yusef Lateef, ya zauna daga 1981 zuwa 1985 yana bincike, har shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. A 1988 kuma jami'ar ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa. Shekaru ashirin kafin nan, da wuya wani ya yi tsammanin mai kalangu zai sa rigar dakta.

Siyasa kuwa ba ta taɓa yin nisa ba. A Kenya, Ngugi wa Thiong'o ya yi wasa da manoma da ma'aikata cikin harshen Kikuyu a ƙauyen Kamiriithu, aka tsare shi a ƙarshen 1977, a 1982 kuma hukuma ta rushe dandalin ƙurmus. A Zariya ba a rushe komai ba, amma bayan harbe ɗalibai da 'yan sanda suka yi a watan Mayu na 1986, kwamitin bincike na Janar Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. Malamin da sana'arsa ita ce ya tara talakawa ya tambaye su me ke damunsu, ba ya bukatar a fassara masa wannan magana. A shekarar ce kuma aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, kuɗin jami'o'i ya ƙafe. A 1989 Abah da abokan aikinsa suka kafa ƙungiya ta masu wasan jama'a ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta ba su damar yin aiki a wajen jami'a da neman tallafi daga ƙungiyoyin agaji. Aikin ya yaɗu ƙwarai, har ya zama ruwan dare a faɗakarwa kan rigakafi da cutar ƙanjamau da zaɓe. Amma a ganina an biya farashi. A Soba, an je ne a ji me manomi zai ce. Mai ba da tallafi kuwa sau da yawa ya riga ya san saƙon da yake so a isar, tun kafin mota ta tashi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye. A wancan lokaci Zariya ita ce cibiyar ɗab'in Hausa. A nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, a nan kamfanin NNPC ya kafu a 1966. Rubutaccen wasan Hausa kuma yana da tarihinsa: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Waɗannan har gobe ana karanta su a makarantu. Wasannin Soba da Maska da Bomo kuwa, da Hausa aka yi su, a bakin manoma, kan taki da gona da bashi, abubuwan da rubutaccen wasanmu bai cika taɓawa ba, don shi ya fi karkata ga rikicin aure da lalacewar tarbiyya a birni. Amma da yake tsarin bai yarda da rubutaccen wasa ba, abin da aka faɗa a fili ya tafi da iska. Labarin da ya rage mana akasarinsa da Turanci yake, a cikin mujallun masana da kundayen digiri, kuma bayanin yadda aka yi ne, ba maganganun da aka yi ba.

Suna da hujjarsu, ban musa ba. Sun ce da zarar an rubuta wasa ya daskare, ya zama na marubuci, manomi ya koma ɗan kallo. Haka ma 'yan wasan talabijin na Kaduna, irin su Ƙasimu Yero da Samanja, da ƙashin labari kawai suke shiga gaban kyamara, sauran daga ka. Amma su ko ba komai an ɗauki hotonsu. Ni dai ban ga abin da zai hana a bar wasa ya gudana yadda jama'a suke so ba, sa'an nan a sami wani mai alƙalami a gefe ya kama abin da aka faɗa, ya gyara, ya kai maɗaba'a da sunan ƙauyen. Da an yi haka, da yau muna da Hausar manomin Zazzau ta shekarun 1970 a kan takarda, da habaicinsa da zambonsa da yadda yake kwaikwayon muryar malamin gona. Marubutan Hausa ba su je Samaru sun nema ba, 'yan Samaru kuma, da yake a Sashen Ingilishi suke, ba su zo sun kira su ba.

Daga ƙofar jami'a zuwa Bomo ba wata tafiya ba ce. Samarin da suka shiga fili suka yi wasa da ɗalibai a wancan lokaci, waɗanda Allah ya bari da rai, yanzu duk sun haura sittin, wasu saba'in. Haka ma ɗaliban.