Daga Huhun Goro Zuwa Ledar Fiya Wata

A da, Bahaushe ba ya sayen mazubi don ya yar. Goro a huhu yake zuwa, lulluɓe da ganyen fita, fura a ƙwarya, man gyaɗa a kwalbar da ake wankewa a sake zubawa. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta koma guga ko takalmi. Ita kanta bola taki ce, jakuna ke kwasarta daga birnin Kano zuwa gonaki.

Ledar fiya wata da ta bazu a shekarun 1990 ce ta ɓata wannan lissafi, sai baƙar leda da gorar roba suka rufa mata baya. Manomin da ya sayi takin bola a yau, sai ya durƙusa yana tsince leda kafin ya watsa, domin ba ta ruɓewa.

Gwamnati kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Gubar da aka jibge a garin Koko a 1988 ita ta haifar da hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda NESREA ta gaje ta a 2007. Kano ta kafa REMASAB a 2003, amma aikinta kwashe shara ne a kai juji, kuma ƙarfinta a birni yake. A 2014 NESREA ta fito da ƙa'idar cewa kamfanin da ya saki mazubi a kasuwa, shi ke da alhakin ganin an tattaro shi. A kan haka manyan kamfanonin lemo da abinci suka kafa ƙawancen FBRA a 2018. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020, Legas kuma ta haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024.

A takarda, wannan ci gaba ne. Amma wanda ya ratsa Kwanar Dangora ko kasuwar Tudun Wada da yammacin ranar kasuwa zai ga inda takardar ta tsaya. Masu sake sarrafa shara na gaskiya a nan 'yan gwangwan ne, waɗanda ba sa cikin kasafin kowa. Yaro ya zo da buhu, a rataya a sikeli, a ware ƙarfe daban, fasasshen bokiti daban, a biya shi nan take. Robar a niƙa ta, a loda a mota zuwa masana'antun Kano, ta dawo a matsayin buta ko silifas.

Leda ce marainiya. Ba ta da nauyi, sai an cika buhu kafin ta taɓuka abin kirki a sikeli, don haka ba kasafai ake bin ta ba. Iska ta kai ta gona, ruwan sama ya ja ta rafi, wasu rafukan kuwa a madatsar Tiga suke ƙarewa. Mahauci a Bebeji ko Doguwa ba ya mamaki idan ya farke tumbin akuya ya tarar da dunƙulen leda.

Abin da ya rage wa ƙananan hukumomin wannan yanki shi ne su nemi kamfanonin da ƙa'idar 2014 ta ɗora wa nauyi, a buɗe wurin sayen leda da gora a kowace babbar kasuwa, da farashin kilo a rubuce. Sikelin da masu tsintar duk suna nan. Mai sayen ne babu.