Mai Sha ko Mai Sayarwa: Nazari kan Kariyar Wanda Aka Kama da Ƙwaya Kaɗan a Yankin Gaya

Zabori ƙaramar hukuma ce ta karkara a jihar Dosso. Da can tana ƙarƙashin Gaya, sai a 2011 aka mayar da ita ƙarƙashin gundumar Junju tare da Karakara. Najeriya na gabas da ita, ta Kamba ake shiga jihar Kebbi, Gaya kuma tana fuskantar Malanville ta Jamhuriyar Benin a ƙetaren kogin Kwara. Hanyar da ke kawo shinkafa da atamfa da man fetur ita ce ke kawo tramol da wiwi. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar ta a rufe. Mutane da kaya suka koma jiragen kwale-kwale, inda bincike ya fi wuya.

Idan ana maganar miyagun ƙwayoyi a Nijar, manyan kamu ake tunawa: tan 17 na wiwi da aka gano a Yamai a Maris 2021, ko hodar ibilis kilo 214 da aka kama a motar magajin garin Fachi a Janairun 2022. Amma wanda ya fi yawan tsayawa gaban alƙali wani ne daban. Ɗan kabu-kabu ne, ko ɗan dako, ko matashin da ke ƙwadagon noma, wanda aka laluba aljihunsa aka sami kati biyu na tramol ko ƙulli ɗaya na wiwi. Tramol ɗin asibiti miligiram 50 ne ko 100. Na kasuwar bayan fage ya kai 200, 225 har 250, galibinsa daga Indiya, ƙasar da sai a 2018 ta sa shi cikin magungunan da take tsaurara wa doka. Mai shan sa zai ce maka maganin gajiya ne. Ba ya kawo zancen farfaɗiyar da yake jawowa, ko yadda jiki ke ƙin tashi ranar da ba a samu ba.

Dokar da ke aiki a nan ita ce mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ta raba fatauci da riƙe ɗan abin da mutum zai sha da kansa, kuma tazarar hukuncin biyun mai faɗi ce ƙwarai. Tsarin shari'ar Nijar, wanda aka gada daga Faransa, ya kasa laifuka gida 3: ƙananan saɓa ƙa'ida, matsakaitan laifuka, da manya. Riƙe ƙwaya don sha yana cikin na tsakiya. Duk shari'ar ta rataya ne a kan tambaya guda: mai sha ne ko mai sayarwa?

Ra'ayina shi ne ba a zauren kotu ake amsa wannan tambaya ba. Ana amsa ta a sa'o'in farko, a ofishin jandarma ko na 'yan sanda, kan takardar bayanin da ake kira PV. A ɗauki matashi daga wani ƙauyen Zabori da aka tare a ranar kasuwa. Ana tambayarsa da Hausa, ana rubutawa da Faransanci. Aka ce, "Na wa ne wannan?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne, nakan ba abokina idan mun je gona." A ganinsa ya sassauta wa kansa, tunda ya nuna ba ɗan kasuwa ba ne. A idon doka kuwa ya amsa cewa yana miƙa wa wani, kuma bayarwa, ko da kyauta ce, ta fi sha nauyi. Sai a lissafa abin da ke jikinsa: katin ƙwaya a yayyanke, canjin dala ashirin-ashirin a aljihu, waya ɗauke da saƙonni. Kowanne yana iya zama shaidar ciniki, kowanne kuma yana da bayani na gaskiya idan akwai mai yin sa. Ya dangwala yatsa a ƙasan takardar da bai iya karantawa ba. Ita mai gabatar da ƙara zai fara dubawa, ita ce kuma a gaban alƙali. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma dokokin da takardun shari'a da Faransanci aka rubuta su, tafinta ne gadar da ke tsakani.

A rubuce, kariya tana nan. Tsarewar bincike sa'o'i 48 ce a ƙa'ida ta gama-gari, ana iya tsawaita ta da izinin mai gabatar da ƙara. Ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Yammacin Afirka, mai lamba 05 ta 25 ga Satumba 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Dokar 2011-42 ta 14 ga Disamba 2011 ta kafa ANAJJ, hukumar taimakon shari'a ga marasa hali. Sai dai kusan duk lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, kusan kilomita 300 daga Gaya, kuma kuɗin motar lauya da masaukinsa kaɗai sun fi ƙarfin gidan da ke rayuwa da gero da gyaɗa. Don cike giɓin ne ake naɗa masu kariya waɗanda ba lauyoyi ba, mutanen gari masu ilimi da aka horar. Amma tilascin samar da mai kariya ya fi ƙarfi a shari'ar yara da ta manyan laifuka. Baligin da ake tuhuma da matsakaicin laifi, musamman wanda aka kama dumu-dumu aka gaggauta gurfanar da shi, yakan tsaya shi kaɗai. Laifinsa bai kai girman da doka za ta ɗora masa mai kariya ba, ya kuma kai girman da zai kwana a gidan kaso.

Me mai kariya zai yi da ba a yi ba? Abubuwa ne masu sauƙi. Zai nemi a ba da lokacin shiri maimakon a yanke nan take. Zai tambaya ko an ƙirga kayan an rufe su da hatimi a gaban mai su, ko an tabbatar da mene ne a cikin katin, domin jabu sun cika kasuwa. Zai kawo takardar likita idan akwai, ya kawo mai gari ko uban gidan yaron su shaida sana'arsa. Zai nuna cewa karon farko ne, ya roƙi ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko tara, ko a haɗa shi da asibiti. Iyaye da yawa ba su san ana roƙon waɗannan ba. Abin da suka sani shi ne neman wanda zai "kashe magana", har a sayar da akuya ko a jinginar da gona, kuɗin su tafi hannun 'yan tsakani da ba su da iko a kan komai. Kaɗan ne kuma ke sanin cewa ƙofar ɗaukaka ƙara kwanaki kaɗan take yi a buɗe.

Ƙetare iyaka yana sauya komai. Wanda aka kama a Kamba yana hannun NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya da aka kafa a 1989, kuma shari'arsa ta Babbar Kotun Tarayya ce, wadda ke zama a Birnin Kebbi. Sashe na 19 na dokar hukumar ya tanadi shekara 15 zuwa 25 kan mallakar hodar ibilis da makamantanta, ko da yake alƙalai sukan yanke ƙasa da haka a ƙananan shari'u. Ɗan Zabori da ke cin kasuwa a ɓangarorin biyu, da harshe ɗaya da dangi ɗaya, bai san nauyin abin da ke aljihunsa ya canza da tafiyar babur ba.

Ba na cikin masu cewa a bar ƙwaya ta yi yadda ta so. Duk wanda ya ga saurayi ya faɗi yana shure-shure a bakin tasha ba zai faɗi haka ba. Amma rahotanni sun sha nuna cewa fiye da rabin mazauna gidajen kason Nijar jiran shari'a suke yi, kuma cusa mai sha a cikinsu ba ya raba shi da sha. Yana fita da tabo a takardar shaidar rashin laifi, wadda ake nema wajen jarrabawar shiga aikin gwamnati ko aikin soja. Hukumar Yammacin Afirka kan Miyagun Ƙwayoyi, wadda Kofi Annan ya assasa, Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ta ba da shawara a 2014 a ɗauki sha a matsayin matsalar lafiya, ta kuma fitar da samfurin doka a 2018. Ghana ta bi wani ɓangare a 2020, ta mayar da hukuncin riƙewa don sha tara a maimakon ɗauri.

Gyaran doka a Yamai zai ɗauki lokaci. Abin da Gaya da Junju za su iya tun yanzu shi ne a sami horarren mai kariya da za a kira tun daren farko, kuma a karanta wa wanda ake tuhuma PV ɗinsa da Hausa, ko Dandanci, ko Fulatanci, a gaban wani da ba jami'in da ya kama shi ba, kafin ya sa yatsa.