Darak: Garin da Ya Tsiro Bayan Ruwa Ya Janye

Yaranmu da aka haifa a Kusiri ko Bulanguwa sukan ɗauka Darak tsohon gari ne. Ba haka ba ne. A farkon shekarun 1960 Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000, kuma yawancin ƙasar da ake nomawa a wannan yanki a yau tana ƙarƙashin ruwa a lokacin.

Sai farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo bayansa. Kogin Shari, wanda shi da Logon suke kawo wa tafkin mafi yawan ruwansa, ya ragu ƙwarai. Tafkin ya rabe biyu, ɓangaren arewa ya riƙa ƙafewa. Masuntan da suka saba da gaɓar yamma suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Iyayenmu, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ba su zauna jiran ya dawo ba. Suka ɗaura taru da mamari a kwalekwale suka bi shi, tsibiri bayan tsibiri, har suka yada zango a Darak tare da Kotoko da Barebari da Larabawan Shuwa da masunta daga Mali.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a tarihin nan shi ne yadda suka ƙi riƙe sana'a guda. Idan ruwa ya cika, a yi su, a yi banda a kai kasuwar Baga. Idan ya janye, ya bar laka mai danshi da albarka, sai mai taru ya ɗauki fartanya ya shuka masara da wake da kuɓewa, ba taki, ba ban ruwa. Bayan girbi makiyaya su shigo da shanu. Fili ɗaya yakan ciyar da gida uku a shekara, ko da yake ba a rasa rigima a kan iyakar gona.

Amma ruwa bai san iyakar ƙasa ba, hukuma kuwa ta sani. Mutanen da suka biyo shi sun shigo Kamaru ba tare da sun lura ba, daga 1987 kuma hukumomin Najeriya suka biyo su. Maganar ta kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci a 2002 cewa Darak ƙasar Kamaru ce, Najeriya ta janye a Disambar 2003. Da yawa daga cikinmu suka zaɓi zama.

Ana ta maganar shirin Transaqua, na haƙo hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga yankin Kogin Kwango don a cika tafkin. A ganinmu, kafin a cika shi ya kamata a tambayi mai gonar masara inda zai koma.

Ga shi ma ruwan ya soma dawowa da kansa, har da ɓarna: ambaliyar 2022 da ta 2024 sun raba dubban mutane da gidajensu a Kusiri da Injamena. A da, da an ga haka sai a loda kaya a sake tsibiri. Yanzu tsibiran da dama ba sa shiguwa saboda 'yan Boko Haram, waɗanda suka auka wa Darak kanta a watan Yunin 2019.