Sunan fayil: me shafukan ajiya ke yi da shi bayan an ɗora?

Sunan fayil shi ne laƙabin da waya ko kwamfuta ke gane hoto, takarda ko bidiyo da shi. Da zarar an ɗora fayil a intanet, shafin ajiya ne ke da ta cewa: ya bar sunan, ya gyara shi, ko ya jefar da shi.

Google Drive da Dropbox suna barin sunan yadda mai shi ya rubuta, duk wanda aka tura wa zai gani. Imgur, wanda aka kafa a 2009, yana maye gurbinsa da haruffa da lambobi marasa ma'ana. WhatsApp kuwa raba ƙafa ya yi: hoto yakan sauka a wayar Android da sabon suna irin IMG-20240315-WA0007, amma abin da aka aika a matsayin takarda yana isa da sunansa na asali. Nan ake jin kunya. Wanda ya laƙaba wa takarda ashar don raha da abokai, daga baya ya tura ta wurin neman aiki, ashar ɗin za a fara karantawa.

Akwai inda wannan ya zama wasa da gangan. Shafin hotuna na 4chan a Amurka, da aka buɗe a 2003, yana ajiye hoto da lambar lokacin da aka ɗora shi, amma yana nuna sunan asali a samansa. Masu shiga suka mai da wurin fagen barkwanci, galibi na batsa da cin mutunci.

Sauya suna dai ba don tarbiyya ake yi ba. Ana yi ne don kada fayiloli biyu su yi karo, kuma don tsaro. A watan Mayun 2000, cutar kwamfuta ta ILOVEYOU ta bazu ta fayil mai ƙarewa da .TXT.vbs, da yake Windows na ɓoye wutsiyar ƙarshe, mutane suka ɗauka wasiƙa ce.

Haruffa masu lanƙwasa ma suna shan wuya. A adireshin intanet, ƙ yakan koma %C6%99, é na Faransanci %C3%A9, tazara kuma %20. Wasu tsofaffin shafuka share su suke yi, ko su sa alamar tambaya a madadinsu.