Daga Gras zuwa Berthier: bindigogin sojan Faransa da ƙasashen mulkin mallaka (1866-1936)

A cikin wannan ƴar takarda za mu bi sawun bindigogin da Faransa ta riƙa bai wa sojojinta, domin mu ga yadda kowane samfuri ya samu rassa, da kuma hannun da kowane reshe ya faɗa. A ganinmu, masu nazarin shigowar Nasara ƙasar Hausa sukan ce “bindiga” kurum su wuce, alhali tazarar da ke tsakanin wata bindiga da wata ita ce ta yanke hukunci a fagen daga da yawa.

Chassepot ta 1866 harsashin takarda take ci. A 1874 aka gyara ta ta koma Gras, mai kwanson tagulla, faɗin baki milimita 11, harsashi ɗaya a kowane ɗuri, da baƙin albarushi mai hayaƙi. Babban sauyi ya zo a 1884, lokacin da Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi. A kansa aka gina Lebel ta 1886, mai milimita 8, wadda take ɗaukar harsashi takwas a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin bakinta. Ita ce bindigar soja ta farko a duniya mai irin wannan albarushi.

Da Lebel ta fito, sai Gras ta zama tsohon yayi a Turai, ta gangaro Afirka. An daɗe ana ganin ta a hannun baƙaƙen sojojin da ake kira tirailleurs sénégalais, rundunar da Faidherbe ya kafa a 1857, wadda ba ƴan Sanagal kaɗai ne a cikinta ba. Samori ma ya saye ta, har maƙeransa suka koyi ƙera kwatankwacinta. Amma yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa ƴan Afirka makaman zamani. Mu tuna cewa Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimu, tana da ƴan bindiga da igwa, ana kuma haɗa albarushi a gida. Sai dai mafi yawansu bindigogin ɗuri ne ta baki, masu gajeren zango da jinkirin ɗuri. Wannan yana cikin abin da ya sa dakarun Ahmadu Kuran Daga, duk da yawansu, ba su iya tsayawa ba a Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899.

Reshen da ya fi jan hankalinmu shi ne na Berthier. André Berthier injiniya ne na layin dogo a Aljeriya, ba hafsan soja ba. Ya lura da aibin Lebel: ɗai-ɗai ake zura mata harsashi, abin da ke da wuya ga mahayin doki. Sai ya kawo tsarin da ake danna harsashi uku gaba ɗaya a cikin ƴar ma'ajiyar ƙarfe. An karɓe shi a 1890 a matsayin gajerar bindigar barade. Daga nan aka tsawaita ta: samfurin 1902 domin sojojin Indocin, samfurin 1907 kuma domin tirailleurs na Afirka. Wato sojan Faransa na da takwas, baƙin soja na da uku. Ya kamata mu yi hattara a nan, kada mu yi saurin cewa rashin amana ne kaɗai dalili, tun da barade Faransawa ma ukun suke riƙe da shi, kuma Berthier ta fi saurin ɗuri da sauƙin kulawa.

Yaƙin 1914 ya juya lamarin. Faransa ta rasa isassun bindigogi, kuma Berthier ta fi Lebel sauƙin ƙerawa. Saboda haka aka ɗauko bindigar da aka tsara wa ƴan mulkin mallaka, aka ɗan gyara ta ta zama samfurin 1907/15, aka raba ta har ga sojojin ƙasa Faransawa. Da aka ga uku sun yi kaɗan a gaban Mauser ta Jamus mai biyar, sai aka fito da samfurin 1916, shi ma mai biyar.

MAS 36, ƙirar Saint-Étienne, mai milimita 7,5, ita aka nufa ta maye gurbinsu duka. Ba a ƙera ta da yawa ba kafin 1940, don haka a yaƙin wannan shekara rundunoni masu yawa, na Faransawa da na ƴan Afirka, da Lebel da Berthier suka shiga daga.